Amsa ga ƙanena na Agege mai son karatun baƙin rami

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digirin fiziks a jami'ar Legas da ke Akoka, kana taya Baba ciniki a Agege, kuma ranka na son zuwa Jamus ka yi bincike kan igiyoyin girabiti, wato girgizar da ke ratsa sararin samaniya idan manyan abubuwa masu nauyi suka yi karo. Ajiye maganar biza tukuna, ka fara sanin aikin.

Baƙin rami wuri ne a sararin samaniya da ƙarfin jansa ya kai ko haske ba ya iya kuɓuce masa. Idan baƙaƙen ramuka biyu suka haɗe, sabon ramin yakan yi ta kaɗawa kafin ya natsu, kamar ƙararrawar da aka buga. Amon da yake fitarwa, wato igiyoyin girabitin, kala-kala ne, amma nauyin ramin da saurin juyawarsa kaɗai ke tsara kowanne, bisa lissafin Roy Kerr na 1963. In ka ware amo biyu, duka suka ba ka nauyi ɗaya da juyi ɗaya, ka jarraba ka'idar Einstein ke nan.

Warewar ce aiki. A siginar farko da LIGO, na'urar gano igiyoyin girabiti da ke Amurka, ta kama ranar 14 ga Satumba 2015, babban amon yana kaɗawa kusan sau 250 a daƙiƙa, ya dushe cikin kusan kashi 4 cikin 1000 na daƙiƙa. Na biyun yana dab da shi wajen kaɗawa, ga shi ya fi shi saurin dushewa kusan sau uku, ga hayaniyar na'ura ta lulluɓe su. A 2019 Maximiliano Isi da abokan aikinsa suka ce sun tsinkayo na biyun, a 2022 wasu masana suka ce hujjar ba ta kai ba. Gardamar ta fi zafi a kan lokacin da za a fara awon: ka matsa shi kaɗan, sakamako ya sauya. Sai siginar 14 ga Janairu 2025, wadda ta fi na baya tsabta nesa ba kusa ba, ta fito da amon biyu sosai.

Wannan aikin lissafin ƙididdiga ne da kwamfuta, kuma daga Legas za ka iya somawa. Bayanan LIGO na nan kyauta a shafin GWOSC. Koyi yaren kwamfuta na Python da ƙididdigar Bayes (hanyar auna yiwuwar abu daga bayanan da aka samu), ka sauko da siginar 2015, ka gwada ware amon da kanka. Da wannan a hannu za ka rubuta wa cibiyar bincike ta Max Planck da ke Potsdam ko Hannover a Jamus, ko ka nemi difilomar shekara ɗaya ta ICTP, cibiyar fiziks ta duniya da ke Trieste a Italiya, wadda ke ɗaukar nauyin ɗalibai daga ƙasashe irin namu. Don Allah kada ka bai wa wani ejan kuɗin Baba, da kanka ake cike takardun.

Turo min abin da ka samu in duba. Ka gaida su Inna.