MX-5 da ta yi hatsari za ta yi haɗin Exocet?

Malam, wannan Mazda MX-5 da ka gani a gwanjo can Ingila kake so ka haɗa Exocet (motar da ake sayen firam ɗinta mutum ya haɗa da kansa) da kayanta, za ta yi, amma duba inda aka buge ta tukuna. In ƙofa ce ko but ba komai tunda bodin ai cirewa za ka yi, inji da giyabos da ƙafafu kake nema kuma duk a haɗe suke fita. In gaba ne fa ka yi hattara, ƙarfen da ke riƙe inji kan lanƙwashe. Ni dai ta 1998 zuwa 2005 mai inji 1.8 zan ɗauka. Wayarin kar ka yanke, manna wa kowace waya suna. Takardar V5C, wato takardar rajistar motar, ita ma ajiye ta, za a nema wajen rajista bayan gwajin IVA, wato binciken da hukuma ke yi wa motar da aka haɗa kafin ta hau titi.