Ina da ƙaramar tirela, in maida ta ɗakin kwana na shiga daji in dinga bada haya?

Wani ɗan uwa daga Daura ya turo tambaya, yace yana sayar da kayan gini, yana da ƙaramar tirela mai taya biyu wadda yake ɗaurawa bayan Hilux ɗinshi yana kai siminti da rodi ƙauyuka, yanzu ya sayi babbar mota tirelar na ajiye ba aiki. Yaga bidiyon Turawa suna maida irinta ɗakin kwana da wurin girki da sola, su ja su shiga daji shaƙatawa. Yana da naira miliyan biyu a hannu, yana so yayi irinta ya dinga bada haya, shin akwai riba?

Toh Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Za'a iya, kuma masu waldar da muke dasu a Daura da Katsina zasu haɗa maka ita tsaf, amma kafin ka sayi ko falle ɗaya na ƙarfe ka zauna ka amsa wa kanka, wa zai biya kuɗin hayar? Mutanen da ka gani a bidiyo, a Amurka da Ostireliya da Afirka ta Kudu suke, can kwanan daji hutu ne, mutum ya kwashi iyalinshi ya tafi. Mu nan kasan halin da ake ciki, babu magidancin da zai ɗauki mata da yara ya nufi wajen Batsari ko Safana ko bakin dajin Rugu da sunan shaƙatawa, ko ɓangaren ku na Daura da yake da sauƙi ba ɗabi'armu bace. In ka gina ta don masu yawon hutu wallahi zata zauna a ƙofar shago yara na hawa suna sauka.

Amma akwai masu kwana a waje don dole, kuma su ne kasuwarka. Masu haƙar rijiyar burtsatse suna yin kwanaki a ƙauye suna kwana ƙarƙashin mota kusa da injin. Ƴan kwangilar hanya da masu kafa sola a ƙauyuka suna buƙatar wurin da mai gadi zai kwanta a kuma kulle kayan aiki. Manyan manoman rani na wajen dam ɗin Sabke lokacin da tumatir da albasa suka nuna basa barin gona ba kowa da dare. Ga dillalan dabbobi da ke isa Mai'adua tun daren Asabar don kasuwar Lahadi. Waɗannan ba ruwansu da fenti mai ƙyalli, abin da suke so inuwa, ruwa, wurin cajin waya, gidan sauro da akwatin da ɓarawo bazai fasa da sauƙi ba. Kaje ka samu mutum uku ko huɗu cikinsu ka tambaye su nawa zasu iya biya a rana, kuma ka duba bayan motocinsu, domin abin da mutane ke mantawa kenan, mafi yawan motocinmu basu da ƙugiyar jan tirela, wanda bashi da ita ko yana so bazai iya haya ba sai ya kashe kuɗi an haɗa mashi.

Yanzu ita kanta tirelar. Ka fara kashe kuɗinka a ƙasan tirelar, ba samanta ba, ko da rabin abin da ka ware zai ƙare a ƙasan kada ka ji ciwo. Tirelar da ta yi shekaru tana ɗaukar siminti a tsaya a duba shasinta sosai, a kwance katakon ƙasa a ɗauki guduma a bi ƙarfen ana bugawa, inda kaji sauti ya mutu ko tsatsa na zubowa ɓawo-ɓawo wurin ya ci, a yanke a sa sabo, kada ka yarda mai walda ya liƙa faci a kai ya shafe da fenti. A duba wuyan, wato ƙarfen da ya miƙe zuwa ƙugiya, nan ne yake fara tsagewa a hanya mai gargada. Sannan ka sa jak ka ɗaga taya, ka kama ta sama da ƙasa ka girgiza, in tana kaɗawa ko ka juya ta kaji tana gurnani boris ya tafi. Ko bayan an canza an cika giris, ranar gwaji in kayi tafiya kaɗan ka tsaya ka taɓa tsakiyar tayar da bayan hannu, ɗumi ba komai, amma in bata taɓuwa akwai matsala.

Tayoyi kuma shawarata ka sa irin na motar da zata ja, yawancin Hilux noti shida ne, in tirelar ma noti shida ce mai girma ɗaya safaya guda ta wadatar da duka biyun, kuma in faɗin tsakanin tayoyinta yayi daidai da na motar zata dinga bin sawun da motar ta riga ta danne, wannan ba ƙaramin abu bane a yashin wajen Zango da Baure. Sifirin ka nemi na farantai, na tsohuwar a-kori-kura mai kyau, a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano zaka samu na hannu, ka ƙara mata shokabsoba saboda kada ta dinga tsalle tana wargaza abin da ke ciki. Ƙugiyar ƙwallo ta yau da kullum bata son hawa da gangara mai tsanani, ta zobe tafi jure hanyar ƙauye ko da tana ƙara, ga shi tarakta ma zata iya ja. Sarƙa biyu ta kariya dole ne, fitilun baya da sigina da abin ƙyalli suma dole, ba don ƴan Road Safety da VIO kaɗai ba, tirela marar fitila da dare a hanyar Daura zuwa Katsina haɗari ce ga mai babur da ke bayanka.

Nauyi shi ne inda masu waldarmu ke yin ɓarna, suna ganin in ƙarfe yayi kauri shi ne aiki yayi kyau, sai a gama ɗaki tirelar ta kusa cinye abin da zata iya ɗauka tun ba'a sa kaya ba. A Ingila da ƙasashen Turai tirelar da nauyinta da kaya ya wuce kilo 750 sai da birkin kanta, ka riƙe wannan a matsayin ma'auni, in zaka wuce haka ka sa lissafin birki cikin kasafi. Ruwa kaɗai lita ɗaya kilo ɗaya ne, jarka huɗu masu lita 25 kilo 100 kenan. A sa ruwa da batir ƙasa-ƙasa saitin tayoyi, kuma wajen kashi 10 cikin 100 na dukkan nauyin ya sauka kan ƙugiya, in ka loda nauyi a baya tirelar zata fara lilo a gudu har ta ja motar ta fitar da ita daga hanya.

Sama kuma kada ka rufe ta da kwano zalla, a watan Afrilu zafi na wuce digiri 40 a nan, ɗakin ƙarfe tanda ce kawai. Ka sa ƙarfe marar nauyi, falanki, soso tsakanin rufi da silin, tagogi biyu masu fuskantar juna da raga, sai rumfar tamfol a gefe wadda ake naɗewa, don yawancin lokaci a waje zasu zauna. Sola falle ɗaya da batir mai 100Ah sun ishi fanka ta DC, wato mai aiki da batir kai tsaye, da ƙwan fitila biyu da cajin waya, amma in batir na ruwa ne rabin cajinshi kawai ake ci in ana so ya daɗe. Firij da talabijin ka bar su tukuna. Abin da nake roƙonka da Allah, tukunyar gas a waje take zama cikin kejinta, kuma ka rubuta a jikin ƙofa cewa ba'a shiga da gawayi ko a tada janareta kusa da taga, lokacin hunturu mutane na jin sanyi su shigar da kaskon wuta su rufe ƙofa, hayaƙin bashi da wari, mutum na barci yake tafiya.

Lissafi kuma ga yadda zaka yi. A ce aikin ya ci miliyan ɗaya da rabi, a ce kuma masu haya sun yarda da dubu goma a rana, kwana 150 na haya kake buƙata kafin uwar kuɗi ta dawo, ba'a sa taya da batir da gyara ba, ga shi aikin nasu yafi yawa da rani, da damina zata yi zaman banza. Ka ga maganar shekara ɗaya da wani abu ce ko biyu, shi yasa bana so ka ciri kuɗin daga jarin siminti ko ka ci bashi a kai. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa lissafin lita yake, jan tirela kuma na ƙara shan mai, in hayarka tayi tsada zasu koma ƙarƙashin mota.

Ni da zan tsara maka, kashi na farko ka gyara ƙasa, ka sa akwatin kulle kaya da tankin ruwa da rumfa da sola, ka tsaya nan, sauran kuɗin ka riƙe. Ka bada ita haya ta wata ga mai burtsatse guda ɗaya da ka sani, da takarda a rubuce da shaidu biyu da kuɗin ajiya a hannunka, a rubuta ƙarara wa ke biyan taya in ta fashe da kuma garuruwan da ba'a yarda a kai ta ba. Bayan wata biyu shi da kanshi zai faɗa maka abin da ya rasa, in gado ne a sa gado, in ƙarin ruwa ne a ƙara tanki, in kuma yace ka sayar mashi gaba ɗaya ka sa ribarka ka sayar, ka nemi wata tsohuwar tirelar ka sake haɗawa.