Amsar Kawu a kan riƙon yaro bayan rasuwar mahaifinsa

Ɗiyata, bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya ƙara miki haƙuri, na samu saƙonki da kike tambaya ko al'ada ta wajabta miki miƙa yaronki ga baffansa da ke Argungu yanzu da kika fita takaba, tunda dangin uban suna cewa ɗa namiji ba ya yin ƙarfin zuciya a hannun mace.

Riƙo tsohuwar al'adarmu ce, kuma ba don mugunta aka kafa ta ba, domin iyayenmu sun lura cewa alkunyar da ke tsakanin uwa da ɗan fari kan hana ta tsawata masa, shi ya sa ake miƙa shi ga kaka ko gwaggo tun daga yaye. Sai dai al'ada ba ta kai matsayin hukunci ba. A mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke bi, kamar yadda ya zo a Risala, reno haƙƙin uwa ne har yaro ya balaga, yarinya kuwa har ta tare a ɗakin mijinta, in kuma uwar ta sake aure, haƙƙin ya koma ga mahaifiyarta.

Duk da haka, kada ki yi watsi da maganarsu, domin akwai gaskiya a cikinta. Abin da ya fi karya maraya shi ne tausayin da ya wuce kima, wato a ce ko fashin makaranta ya yi, sai a ce a ƙyale shi, ai ba shi da uba. Ki ɗora masa aikin da zai san nasa ne, kamar tunkiyar da shi zai yanko wa ciyawa bayan an taso daga boko, in ya manta kuwa ya ji kukanta da kunnensa. Ki tuna masa cewa Manzon Allah (SAW) bai san mahaifinsa ba, ya rasa mahaifiya yana da shekara 6, kaka yana da 8, kuma ya yi wa mutanen Makka kiwo. Idan kuɗin littafi ya gagara, ki faɗa masa gaskiya, ki gaya masa ranar da za ki kwashi adashe, domin ya koyi jira. Amma kada ki mai da shi wurin kai kukanki, kuma kada ki aza masa talla lokacin karatu. Wannan na ƙarshe ba zan lamunce miki ba.

Shawarata ita ce ya zauna wurinki a Birnin Kebbi ya ci gaba da boko da Islamiyya, in an yi hutu ya tafi wurin baffansa ya shiga fadama tare da 'yan'uwansa, ya san dashen shinkafa, ya kuma san gonar da zai gada. Kada ki ba su amsa tukuna, ki bari in je in gana da baffan nasa bayan sallar Juma'a.