Amsar Yaya kan maganar hutun yara da komawa makaranta

Ga abinda Yaya ta fada cikin muryar da ta turo jiya da dare, na rubuto saboda wadanda data ta hana su saurare.

Assalamu alaikum 'yan uwa, ina wuninku, ya ruwa, ya fama da yara da hutu. Auta naji sakonki, hidima ce ta sha kaina ban amsa da wuri ba. Kince maigidan yana so a kai yara gida wajen su Inna su karasa hutu, su zauna har a cire gero, ke kuma kina tsoron kada a koma makaranta basu nan, ga kudin makaranta ga yunifom ga littattafai baki san ta inda zaki fara ba. To bari in fada maki yadda nike gani, in na ja da tsawo kiyi hakuri kin san halina.

Zuwa gida dai su je, ni ban ga laifinshi ba, tunda Alhamdulillahi bangarenmu da sauki, ba kamar 'yan uwanmu na wajen Batsari da Safana da Jibiya ba da yanzu sai mutum yayi tunani biyu kafin ya tura yaro kauye, Allah Ya kawo mana karshen abin nan. Yaron da ya tashi cikin birnin Katsina daga Kofar Kaura sai makaranta sai gaban talabijin, ki nuna mashi gero da dawa a tsaye cikin gona bai iya rabe maki su, ai abin kunya ne. Su je su ci tumu, su ga yadda ake gasa shi a murje a tafin hannu a hure, su sha fura da nono na gaske, Inna ta ji dumin jikokinta. Amma maganar "har a cire gero" ita ce ban yarda da ita ba, don bata da karshe. Gero cikin Satumba ake yanka shi, ana gamawa Inna zata ce a bari su ci sabuwar gyada, gyada na fita sai roron wake, wake bai kare ba dawa ta nuna, kin ga an shiga Nuwamba kenan, wa ya rage a aji? Ki sa ya yanke rana tun kafin su tafi, kuma shi zai fada ma Inna da bakinshi ba ke ba, kin dai gane. Su dawo da kamar sati guda kafin a bude makaranta. In marmarin kaka ne ga Asabar da Lahadi nan, ga hutun 1 ga Oktoba, ga na tsakiyar zango, sai a leka a dawo.

Dalili kau, zangon farko shi ne sabon aji sabon malami, nan ake dora tubalin shekarar duka. Wanda ya shiga aji 4 aka fara raba lamba mai tsawo baya nan, ya dawo bayan sati uku ya tarar har an fara tes, wallahi haka zai ta jan kafa har Disamba, ke kuma ki koma biyan kudin lesin.

Amma ni abinda nafi so ki rike, abinda ke cinye ma yara wannan zangon ba rashin sabuwar jaka bane, zazzabi ne. Daga malka ta kankama cikin Agusta har zuwa Oktoba bayan ruwa ya dauke, lokacin sauro ne, kowace tsohuwar taya da gwangwani da fasasshen tulu dake bayan daki in ruwa ya kwana ciki kamar kwana goma ya isa sauro ya kyankyashe ya tashi. Maganin rigakafin zazzabin nan da ma'aikata ke bi gida gida suna rabawa duk wata cikin damina, wanda ake ba yaro na farko gabansu a bar maki na kwana biyu, ki lura na 'yan wata 3 ne zuwa kasa da shekara 5. Karamar ki zata samu, amma manyan biyu 'yan makaranta basu ciki, su babu abinda ke tsakaninsu da sauro sai gidan sauro. Don haka in zasu gida ki sa masu nasu cikin kaya, da igiyarshi da kusa, kada ki dogara da cewa akwai a can, na can kila an zagaye dashen tumatir dashi. In sabo ne ki shanya shi a inuwa kwana guda kafin su kwana ciki saboda kaikayin fuska, ba a rana ba. Kuma a tura bakinshi karkashin katifa ko tabarma, ba a barshi yana lilo ba, kuma ki san yaro yana shiga daki ne bayan ya gama hira a tsakar gida sauro ya riga ya yi kalaci da kafafunshi, to dogon wando da riga mai hannu daga magariba.

In kuma jiki yayi zafi, don Allah a daina wannan dabi'ar ta aika yaro kemis a ce a hado na dari biyar. A je a yi gwajin nan na dan yatsa, minti 15 zuwa 20 ya fito, in maleriya ce a bashi maganin da ya dace da nauyinshi. Irin su Coartem sau 6 ake sha cikin kwana 3, na biyu bayan awa 8 da na farko, sauran safe da dare, kuma yafi aiki in an ci abu mai maiko ko an sha madara. Inda ake samun matsala kwana na biyu yaro ya mike yana guje guje sai uwa ta boye sauran wai na gaba, bayan sati biyu zazzabi ya dawo ace ai shawara ce ko mayu. A karasa shi duka. Sannan in kinga yaro na amayar da komi, ko ya kasa shan ruwa, ko yana jijjiga, ko barci ya yi mashi nauyi baki iya tada shi, ko kin ja fatar idonshi kin duba tafin hannunshi kinga sun yi fari fat, ko fitsari ya koma kamar ruwan lipton, wannan ba na jiran gari ya waye bane, asibiti kai tsaye ko karfe nawa ne.

Sai kududdufi. Wannan ki ja ma babban kunne da kanki gaban ubanshi. Duk damina sai an ji labarin yaron da ruwa ya ci a ramin da aka debi kasar gini, sama lumui kasa rami. Ko bai nutse ba can ake kwaso tsargiya, yaro ya rika fitsari da jini a karshe yana boyewa don kunya, kuma tana da magani a asibiti. Ruwan sha ma a kula, rijiya in ambaliya ta shiga a tafasa, bamu manta amai da gudawar 2021 ba. Ki sa masu ORS, hadin gishiri da sukarin nan na gudawa, cikin jaka, kulli daya cikin lita guda na ruwa mai tsabta. In an fara girbi kuma banda tura hannu karkashin dami ko tarin kara, nan kunama da maciji ke fakewa, su sa takalmi ko da fita fitsari ne da dare.

Maganar kudi kuma, kowa a wannan gurup din kuka daya yake, Satumba wata ne mai nauyi, hatsin bara ya kare sabo bai gama shigowa ba. Ga Maulidi da ya fado cikin Satumba a 2024 da 2025, yara na son dinki, 'yan Daura kuma ga Sallar Gani kowa na son a kai shi kallon hawa, to da yake duk shekara yana matsowa baya da kwana kamar 11 yanzu cikin hutun zai rika fadowa, a sa shi cikin lissafi. Ni abinda nike yi yadin yunifom cikin Agusta nike shiga kasuwa in yanko in kai ma tela tun layi bai yi tsawo ba, in ce ya sake shi ya bar kalmasa mai fadi a kafar wando da hijabi, badi warwarewa kawai za'a yi. Kuma guda biyu yafi daya mai tsada, don cikin malka sai ki wanke riga ta wuni ta kwana bata bushe ba, ga wuta ba tabbas, ki kare da dutsen guga na gawayi da asuba kina hura shi yaro na tsaye da singileti yana kallonki. Jaka in zif ne ya lalace mai gyaran takalmi zai canza. Littafin karatu ki tambayi makwabta masu yaro a gaba da naki, wanda ake rubutu ciki ne kawai ba makawa sai sabo. Makarantar kudi kuma kije da kanki kafin a koma ki roki a raba maki biya kashi biyu, sun fi jin magana kafin a bude akan ranar da suka koro yaro. In adashe kike ki nemi a baki kwasar Agusta ko Satumba. Napep kau tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ba'a magana, ku hada kai ku uku ko hudu a layinku ku dauki mutum daya sananne mai hankali ku rika biyanshi a wata, ba wanda zai loda yara goma har gefen direba ba.

Satin da suka dawo ki fara gyara masu barci, waya ta koma hannun mai ita, bayan isha'i kowa ya kwanta, in ba haka ba ranar farko da duka za'a tashi. Kada su fita da ciki wayam, ko dumamen tuwo ne ko koko da kosai, kuma lokacin kaka ai Allah Ya kawo sauki, dafaffiyar gyada, dankali, masara, danwake a dan kula, sun fi kudin tara da zai kare wajen mai alawa da askirim din leda. Islamiyya ma ki lura, yanzu magariba sai wajen bakwai saura, amma zuwa Nuwamba karfe shida an kira, 'yan matan in an tashi duhu ya fara a samu mai rako su.

In Allah Ya kaimu Oktoba da Nuwamba kaya suka sauko, duk abinda ya samu a hannu ko tiya biyar biyar ne ki rika aje gero da wake, waken ya bushe sosai ki dura a jarka ki cika ta har wuya ki toshe, ko buhun nan mai leda biyu ciki, banda zuba mashi maganin kwari, yaranki zasu ci. Lokacin kuma zaki leka 'yan gwanjo ki daukar masu suwaita da safa da hular sanyi tun zafin Oktoba na nan ba mai kallonsu, don hunturu na busowa kudinsu zai tashi, ki hada da basilin ko man kade saboda faso.

Yauwa, in zasu tafi ki fada mani ranar, akwai sabulu da 'yar atamfa da nike son a kai ma Inna, kuma ace mata ina nan ina jiran tsabar sabon gero na kunu. A gaida maigidan da yara, sai da safenku.