Amsar Goggo kan maganar suna

'Yata, na ga saƙonki tun jiya, hidima ce ta hana ni amsawa. Kin ce mijinki na aiki da wani Joseph, wai an ce miki sunan shi ne Yusuf, kina tambaya ko gaskiya ne, sannan tunda haihuwa ta matso kina so ki ji ko irin su Laraba da Tanko ƙauyanci ne.

Toh gaskiya aka faɗa miki. Asalin sunan Ibrananci ne, Yosef, wato Allah ya ƙara, sai ya bi bakin mutane yana sauya kama, Larabawa suka ce Yusuf, Turawan Ingila Joseph, 'yan Sifaniya José, 'yan Italiya Giuseppe, duk abu ɗaya ne. Haka Maryam da Mary. Mu ma ai mun lanƙwasa namu, Muhammadu ya koma Mamman, Turkawa kuma Mehmet suke cewa.

Maganar ƙauyancin nan kuwa wallahi ta sosa min rai. Kofi Annan da ya riƙe Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1997 zuwa 2006, kin san me Kofi ke nufi a wajen Akan na Ghana? Namijin da aka haifa ran Juma'a, Ɗanjuma kenan fa, Kwame Nkrumah shugaban Ghana na farko kuma Ɗan'asabe. Mutum ya zaga duniya da sunan ranarsa ba wanda ya ce masa baƙauye. Su Turawan da ake ganin sunansu na gayu, Smith maƙeri ne, Schmidt na Jamus maƙeri ne, Haddad na Larabawa ma maƙeri ne, sana'ar kakanni ce ta manne musu har yau.

Ki duba Yarbawa da tagwaye. Wanda ya fara fitowa Taiwo, na biyu Kehinde, amma abin da ke burge ni a wajensu Kehinde ne babba, wai shi ya aiki ƙaninsa ya je ya ɗanɗano masa duniya tukuna. Mai bi musu Idowu, kamar dai yadda muke da Gambo bayan Hassan da Hussaini.

Akwai kuma sunan da hawaye ke haifarwa. Kakarmu Allah ya ji ƙanta Ajuji ake ce mata, ina yarinya dariya sunan yake ba ni, ran nan na yi dariyar a gabanta sai ta ajiye carbinta ta jawo ni jikinta, ta ce uwarta mai wabi ce, ta yi ta binne jarirai, da aka same ta sai aka ce wannan ta juji ce, ko mutuwa ta raina ta ta wuce. Ta kai tsufa har ta goya ni. Yarbawa ma suna da Malomo, wato kar ka sake tafiya, ciwo ɗaya ne yare ne kawai daban.

Saboda haka sunan yanka ku zauna da maigidanki ku zaɓi mai kyakkyawar ma'ana, laƙabi kuma in ya zo ku bar shi. Wancan da kika ce kin gani a intanet ya miki daɗi a kunne, turo min shi tukuna mu binciki yaren da ma'anarsa kafin a raɗa wa yaro. Allah ya sauke ki lafiya, ki gaida min maigidan.