Injin ɗumama gidana yau ya kama, gobe ya ƙi

TAMBAYA: Salam Injiniya, barka da aiki. Injin ɗumama gidanmu mai amfani da mai ne ya fara mana wasa, yau ya kama lafiya lau, gobe da asuba sai ka ji yana gurnani amma wuta ba ta tashi, can sai ya mutu. In na danna jan maɓallin nan na sake tada injin yakan tashi. In ci gaba da dannawa ko akwai matsala?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah ka cire hannunka daga maɓallin nan, sau ɗaya ake danna shi, in ya ƙi shikenan. Kowace dannawa famfo na fesa mai cikin ɗakin wuta, man yana taruwa, ranar da ya kama sai ka ji bum, hayaƙi da kunkunniya sun cika gida, wani lokacin ma gobara.

Tunda da asuba yake ƙi bayan ya daɗe a kashe, ni zargina na farko iska ce ke shiga bututun mai, ko ta wani noti da ya saki ko ta robar murfin filta, man ya koma tanki, famfo ya tashi yana zuƙar iska. Ka duba gejin tanki ma, in mai ya yi ƙasa sosai ruwa da laka yake ja su toshe filta da nozul, wato bakin da ke fesa man. In tankin a waje yake kuma, tsananin sanyi na sa man ya yi kauri.

Yanzu ka tsaya kusa ka saurara. In wuta ta kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan ya mutu, to idon nan mai ganin wuta ne kunkunniya ta rufe, kwantirol, wato na'urar da ke sarrafa injin, bai ga haske ba sai ya kashe injin, yawanci cikin daƙiƙa 15 zuwa 45. Goge shi da tsumma mai laushi bayan ka kashe wutar lantarki. In kuma kana jin warin mai amma sam ba wuta, tartsatsi ne ya yi rauni: tsinayen nan biyu masu fitar da tartsatsin a gaban nozul sun cinye har tazararsu ta wuce kamar milimita 3, ko farin tangaran ɗinsu ya tsage, ko taransifoma ta gaji. Wannan kam kar ka sa hannu, wutar wajen na kai volt 10,000.

Ka kira mai gyara ya canza nozul da filta, ya cire iska, ya gwada hayaƙin da na'ura, kuma ka faɗa masa gaskiyar sau nawa ka danna maɓallin kafin ya kunna.