Ko ƙarin kwana ne ya jefa Hezekiya cikin girmankai?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce ko da ya fi alheri Sarki Hezekiya na Yahuza ya rasu a ciwonsa, tun da cikin shekaru 15 da Ubangiji ya ƙara masa ne ya yi girmankai. A'a, jinƙan Allah ba shi da laifi, zuciyar da ta karɓe shi ce ta kumbura. Mutumin da ya shimfiɗa wasiƙar barazanar Sennakerib, sarkin Assuriya, a Haikali da bangaskiya, wanda ya juya fuskarsa bango yana kuka, shi ne kuma ya nuna wa jakadun Merodak-baladan, sarkin Babila, azurfarsa da zinariyarsa da makamansa. Duk da haka, 2 Tarihi 32:26 ta ce ya ƙasƙantar da kansa, shi ya sa fushin Ubangiji bai sauko a zamaninsa ba.

Na lura a ikilisiyarmu cewa gwaji mafi wuya yakan zo bayan waraka, ba a gadon asibiti ba. Abin yana damuna ƙwarai idan mai ba da shaida ya fara da sunan Yesu, ya ƙare da lissafin gidaje da motocin da ya mallaka.